Giya da juna biyu: illar da ba ta fita a fuska, sai a tafiya

Wata baiwar Allah ta aiko mini da tambaya a makon jiya, ta roƙi in sakaya sunanta, kuma na sakaya. Cikinta wata huɗu, laulayi ya hana ta cin abinci sosai, a wurin awo kuma an ce jininta ya yi ƙasa. Sai yayar mijinta ta ba ta shawara ta riƙa shan rabin kwalbar baƙar giya da daddare, wai tana ƙara jini, ta kafa hujja da cewa ita ma haka ta yi a cikin 'ya'yanta uku, ga su nan garau suna guje-guje. Tambayarta gajera ce: "Likita, ɗan wannan ma zai taɓa abin da ke cikina?"

Amsata gare ta, da gare ki idan kina cikin irin halinta, ita ce ki bar ta gaba ɗaya, daga yau har ki sauka lafiya. Sai dai na san umarnin likita ba ya daɗewa a gaban maganar yayar miji wadda ake kwana a tashi da ita a gida ɗaya. Saboda haka zan shimfiɗa dalilan, har da waɗanda ba su goyi bayana ba, domin ke da iyalinki ku yi hukunci kuna sane.

Kafin nan, akwai mai karatun da ya riga ya taɓe baki yana cewa, mu da giya haramun ce a gidajenmu, ina ruwanmu da wannan zance? Hausa harshen miliyoyin mutane ne da ba dukansu Musulmi ba, daga Jos zuwa Kafanchan, daga Zuru zuwa Tafawa Balewa da Numan, kuma a garuruwa da yawa burkutu abin sha ne na ranar kasuwa da gayya da biki, kamar yadda pito yake a arewacin Gana, bilbil kuma a arewacin Kamaru. Mata ne ke dafa ta, su ke ɗanɗanawa su ji ko ta nuna, kuma da yake da dawa ake yin ta, wasu na ɗaukar ta abinci. Ban da wannan, barasa ba kullum take zuwa da sunanta a goshi ba. Tana cikin saiwoyin da ake jiƙawa a ogogoro ana sayarwa a tasha da sunan maganin basir ko ciwon baya, tana cikin ƙananan ledoji da kwalabe masu ɗaci da ake talla a matsayin maganin wankin ciki, tana kuma cikin wasu magungunan tari da na ƙarin jini na ruwa. Mai cikin da ba ta taɓa taka ƙofar mashaya ba tana iya shan ta cokali-cokali ba ta sani ba. Sannan akwai abin da ba ma son faɗi: inda abu ya zama abin kunya, ɓuya yake yi, kuma abin da aka ɓoye wa dangi shi ake ɓoye wa ungozoma.

Mutane da yawa sun ɗauka mabiyiya rariya ce, tana tace duk abin da uwa ta ci ko ta sha kafin ya kai ga ɗa. Tana tare wasu abubuwa, amma barasa ba ta cikinsu. Ƙwayarta ƙanƙanuwa ce, tana bin ruwa duk inda ya bi, tana ratsa mabiyiya kamar yadda ruwa ke ratsa kwando. Cikin awa ɗaya zuwa biyu da uwa ta sha, yawan barasar da ke jinin ɗan tayi ya kusa daidai da wanda ke nata jinin. Ita uwa tana da hanta babba da ta san aikinta. Hantar ɗan tayi kuwa ba ta ƙosa ba, abin da take iya narkarwa bai taka kara ya karya ba. Abin da ya fitar cikin ruwan da yake kwance a ciki, shi zai sake haɗiya, ya yi ta juyawa a jikinsa har sai jikin uwa ya kwashe masa. Duk tsawon wannan lokaci ƙwayoyin ƙwaƙwalwarsa suna tsakiyar aiki: suna hayayyafa, suna ƙaura zuwa mazauninsu, suna miƙa wa juna zarurruka. Barasa tana kashe wasunsu, tana ɓatar da wasu a hanya, tana kuma hana wasu haɗuwa da 'yan uwansu yadda ya kamata.

Likitoci ba su daɗe da fahimtar wannan ba. A 1968 wani likitan yara a birnin Nantes na Faransa, Paul Lemoine, ya wallafa bayanin yara 127 'ya'yan mashaya, ya nuna yadda suke kama da juna a fuska kamar 'yan gida ɗaya, ga ƙanƙantar jiki, ga jinkirin motsi da fahimta. Kusan ba wanda ya saurare shi. Sai a 1973 likitoci biyu a birnin Seattle na Amurka, Kenneth Jones da David Smith, suka bayyana irin wannan a mujallar Lancet, suka raɗa wa larurar suna, wanda likitoci ke taƙaitawa da haruffan FAS. Alamominta a fuska uku ne: tsagar ido gajera, leɓen sama siriri, da shafewar ɗan kwarin nan da ke tsakanin hanci da leɓe. Ana haɗa su da ƙaramin kai da rashin girma.

To, a nan ne wannan fuska ta yi mana rana ta kuma yaudare mu. Da ita aka gano larurar, amma ita ce ta sa iyalai, har da wasu ma'aikatan lafiya, suka ɗauka in jariri ya fito da fuska lafiya to an tsira. Fuska tana samuwa ne a makonnin farko na ciki, sau da yawa tun mace ba ta tabbatar tana da shi ba. Ƙwaƙwalwa kuwa ana ginin ta ne wata tara cur, ba hutu. Matar da ba ta sha ba a waɗancan makonni, ta zo ta sha a wata na shida ko na takwas, tana iya haihuwar ɗa kyakkyawa son kowa, alhali illar tana can ciki. Ƙididdigar da aka wallafa a 2017 ta nuna kusan mace 10 cikin 100 a duniya suna shan barasa da juna biyu, kuma ana haihuwar yara kimanin 119,000 a shekara da cikakkiyar larurar mai alamun fuska. Waɗanda barasa ta taɓa ta fuskoki daban-daban, da alamar fuska da babu, sun ninka waɗannan kusan sau biyar: kimanin yara 8 cikin 1,000. Mafi yawansu ba za ki gane su a hoto ba. Sai sun tashi tafiya, ko sun kama alƙalami.

Ki dubi abin da tafiya take buƙata, wanda muke yi ba tare da tunani ba. Kafin yaro ya ɗaga ƙafa ɗaya, sai jikinsa ya san inda nauyinsa yake, ya mayar da shi kan ɗaya ƙafar, ya ɗaure tsokar baya da ta ƙugu daidai gwargwado, ya auna nisan ƙasa da ido, ya gyara kuskure cikin ƙiftawa. Babban mai tsara wannan aiki wani ɓangare ne na ƙwaƙwalwa da ke can ƙeya, ƙarami a ido, amma shi ke ɗauke da fiye da rabin ƙwayoyin jijiyar ƙwaƙwalwa duka. Girmansa mafi sauri yana cikin wata ukun ƙarshe na ciki, kuma yana daga cikin wuraren da barasa ta fi yi wa ɓarna. Akwai kuma gadar jijiyoyi da ke haɗa ɓarin dama na ƙwaƙwalwa da na hagu, wadda ke sa hannu biyu su yi aiki tare, da wasu dunƙule-dunƙule a tsakiya da ke tsara fara motsi da tsayar da shi. Hotunan ƙwaƙwalwar yaran da barasa ta taɓa sosai sun sha nuna waɗannan wurare sun fi na sauran yara ƙanƙanta.

A jariri, abin yakan fito da raunin tsotso, da jiki saɓa-saɓa idan an ɗauke shi, ko kuma rawar hannu da yawan firgita, sannan jinkirin tsayar da wuya da na zama. Idan ya girma, sai ya zama yaron nan da kullum gwiwarsa da ciwo. Ana langa, shi ba ya iya tsayuwa da ƙafa ɗaya. An jefo ƙwallo, ta wuce ta tsakanin hannuwansa. Idan yarinya ce, ƙawayenta suna carafke ita duwatsun zubewa suke, an aike ta da kwanon miya ta iso da rabi, zura zare a allura ya gagare ta. A makaranta rubutunsa ya ƙi zama a kan layi, kuma kafin ya gama kwafe layi biyu an goge allo. Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne sunayen da irin wannan yaro yake tashi da su: rago, sakarai, gaula, mara natsuwa. Ana dukansa a kan abin da ba ya cikin ikonsa. A 2014 wasu masu bincike a Ostireliya suka tattara nazarce-nazarcen da aka yi a kan haka suka wallafa a mujallar Pediatrics, suka samu cewa yaran da ke da larurar, ko waɗanda iyayensu mata suka sha da yawa, haɗarin samun matsalar manyan motsi a gare su ya kai kusan ninki uku, musamman a daidaita tsayuwa, da haɗa motsin gaɓoɓi, da wasan ƙwallo.

A kan shan da yawa babu gardama. Gardamar tana kan ɗan kaɗan, kuma ba zan ɓoye miki ba. A Danmak an bi ɗaruruwan yara 'yan shekara 5 aka gwada motsinsu, sakamakon da ya fito a 2012 bai nuna bambanci ba tsakanin 'ya'yan waɗanda ba su sha ba da 'ya'yan waɗanda suka sha kaɗan a mako. A yankin Bristol na Ingila an gwada yara kusan 7,000 'yan shekara 10, aka sa su tafiya a kan siririn katako da tsayuwa da ƙafa ɗaya, a 2013 aka ba da rahoto cewa ba a ga illa ba ga 'ya'yan masu matsakaicin sha. A wasu gwaje-gwajen ma sun ɗan fi. Idan yayar mijinki ta ji wannan, ai ta samu abin faɗa.

Amma ki tambayi su wane ne waɗannan mata. A Bristol, masu ɗan kurɓar ruwan inabi a wurin cin abinci su ne mafi yawa masu hali da ilimi mai zurfi, masu cin abinci mai kyau, waɗanda 'ya'yansu ke da filin wasa da kulawa. Masu binciken da kansu sun ce fifikon da aka gani na wadata ne, ba na giya ba. Wadata tana iya rufe ƙaramar illa, kamar yadda taki ke rufe raunin iri. Matar da jininta ya yi ƙasa, take cin tuwo sau biyu ba nama, ga zazzaɓin cizon sauro a damina, ba ta da wannan rufin asiri.

Sai kuma ma'auni. Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya take ƙirgawa a matsayin sha ɗaya shi ne giram 10 na tsantsar barasa. Babbar kwalbar giya ta santilita 60 da aka saba da ita a Najeriya, mai ƙarfin kashi 5 cikin 100, tana ɗauke da kimanin giram 24. Wato kwalba ɗaya ta kusa sha biyu da rabi, kuma baƙar giya ta fi haka ƙarfi. Abin da likitocin Amurka ke kira shan ƙetare iyaka ga mace shi ne kimanin giram 56 a zama ɗaya, wanda kwalba uku ta zarce shi. Ƙwaryar burkutu kuwa ba ta da ma'auni ko kaɗan. Ta safe daban, ta yamma da ta ƙara tsami daban, ta wannan gida daban da ta wancan. Ogogoro ya ninka giyar kwalba ƙarfi sau da yawa. Don haka idan mace ta ce mini kaɗan take sha, ban san nawa take nufi ba, ita ma ba ta sani ba.

Wannan ya sa ƙasashen da aka yi binciken a cikinsu ba su ɗauke shi lasisi ba. Babban likitan gwamnatin Amurka ya shawarci masu ciki su ƙaurace wa barasa tun 1981. Faransa ta wajabta gargaɗi ga masu juna biyu a jikin kwalabe daga 2007, shi ya sa ake ganin ɗan hoton mace mai ciki da aka ja wa layi. Birtaniya, wadda ta daɗe tana sassauci a kan ɗan kaɗan, ta sauya a 2016, manyan likitocinta suka ce mafi aminci shi ne kada a sha ko kaɗan. A ra'ayina sun yi daidai, kuma dalilin mai sauƙi ne. Mai yiwuwa ne ɗan kaɗan ba ya barin tabon da gwaji zai gani ga yara da yawa. Amma ba wanda zai iya nuna miki iyakar, ba wanda zai iya ce miki ɗanki yana cikin waɗanda za su tsira, kuma a ɗaya gefen sikelin babu wani amfani da za a ɗora. Maganar ƙarin jini ba ta da tushe. Sinadarin ayon da ke cikin baƙar giya ƙalilan ne ƙwarai, barasa kuma tana rage wa jiki cin moriyar folik asid, wanda yake daga cikin abubuwan da jini da ɗan tayi suke buƙata. Ƙwayoyin da ake ba ki a wurin awo, da wake, da ganyen zogale da alayyahu, da nama ko kifi idan an samu, su ne masu ƙara jini.

Saura hujjar "ga nawa nan garau". Ina taya ta murna, kuma ban ce ƙarya take yi ba. Sai dai likitoci sun sha ganin tagwaye waɗanda ba na ƙwai ɗaya ba, sun kwanta a ciki ɗaya, sun sha barasa ɗaya a lokaci ɗaya, ɗaya ya fito da larurar sosai, ɗayan da sauƙi. Gado yana da hannu, na uwa da na ɗa. Girman jikin uwa, da abincinta, da shekarunta, da yawan haihuwarta, duk suna da hannu. An lura haɗarin yana ƙaruwa ga 'ya'yan baya. Wanda ya ƙetare kogi sau uku bai gamu da kada ba, ba shi ne zai ba da shaidar babu kada a ciki ba.

Idan kina son ganin yadda talauci da barasa ke haɗa kai a kan yara, ki dubi lardin Western Cape na Afirka ta Kudu, ƙasar gonakin inabi. Shekaru aru-aru masu gonaki suna biyan leburori wani ɓangare na ladansu da ruwan inabi, tsarin da ake kira dop. An haramta shi a doka, amma ɗabi'ar da ya dasa ba ta tafi tare da shi ba. A ƙarshen shekarun 1990 aka duba yara 'yan aji ɗaya a wani gari na lardin, aka samu fiye da 40 cikin 1,000 suna da cikakkiyar larurar, adadin da ba a taɓa ganin irinsa ba a lokacin. Ƙiyasin 2017 ya sa ƙasar a kan gaba a duniya, da yara kimanin 111 cikin 1,000 da barasa ta taɓa. Abin lura shi ne yawancin iyayen ba kullum suke sha ba. Aiki suke yi duk mako, sai ƙarshen mako su sha mai yawa a zama ɗaya, da jiki ƙarami da ciki mara abinci. Wannan salo, na tara sha zuwa rana ɗaya, shi ya fi cutar da ɗan tayi, domin tashin barasa a jini lokaci guda shi ke ɓarna. Duk wanda ya san yadda ranar kasuwa ko ranar biki take a garuruwan burkutu zai gane dalilin da ya sa na kawo wannan misali.

To, yaya za ki san yaro ya yi jinkiri? A nan ma akwai ma'auni mai kyau. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bi yara lafiyayyu sama da 800 a ƙasashe biyar, Gana da Indiya da Norwe da Oman da Amurka, ta fitar da sakamakon a 2006. Kusan dukansu sun zauna da kansu tsakanin wata 4 zuwa wata 9. Rarrafe ya zo tsakanin wata 5 da wata 13 da rabi, kuma kimanin yara 4 cikin 100 ba su yi rarrafe ba sam, tashi kawai suka yi. Tsayuwa ba riƙo ta zo tsakanin wata 7 da wata 17, tafiya kuma tsakanin wata 8 da kusan wata 18. Ki ga faɗin wannan fili. Ɗan maƙwabciya da ya fara tatata a wata 10 da naki da ya fara a wata 15 duk lafiyarsu ƙalau. Amma yaron da bai tsayar da wuya ba a wata 4, ko bai zauna ba bayan wata 9, ko bai taka ba a wata 18, ko yake amfani da ɓari ɗaya na jikinsa kawai, ko ya rasa abin da ya riga ya iya, a kai shi wurin likitan yara. Kada a tsaya ana cewa jikinsa ne ya yi nauyi, ko goyo ne ya yi masa yawa.

Ina roƙon dangi da babbar murya a nan: jinkirin motsi ba shaidar cewa uwa ta sha wani abu ba ne. Wahalar naƙuda da ta hana jariri numfashi da wuri, shawarar jarirai da ba a kula da ita ba, sanƙarau, zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, haihuwar bakwaini, tamowa, laushin ƙashi, duk suna jawo shi, kuma a asibitocinmu su aka fi gani. Ba na so wani ya karanta wannan ya koma gida ya kafa wa matarsa ko surukarsa ido.

Kunyatarwa ma ba ta gyara komai. Matar da ta san za a yi mata tsawa a gaban layin awo, ko maganar za ta koma gida kafin ita, za ta ce ba ta sha, ko ta daina zuwa awon gaba ɗaya, sai a yi asara biyu. Ya kamata ma'aikaciyar lafiya ta tambayi kowace mai ciki da murya ɗaya, a keɓe, mai hijabi da mai ɗankwali: me kike sha, har da na gargajiya? Ke kuma ki faɗi gaskiya, da yawan abin da lokacinsa. Wannan bayani shi zai sa a sa wa jaririn ido tun da wuri. Illar da barasa ta yi wa ƙwaƙwalwa ba ta gogewa, amma ƙwaƙwalwar ƙaramin yaro tana da saurin koyon sababbin hanyoyi, kuma yaran da aka gano da wuri suka tashi a gida mai kwanciyar hankali sun fi samun sauƙin rayuwa. Likitocin gashin ƙashi suna da atisayen da za su koya miki ki riƙa yi masa a gida: kifa shi a kan tabarma yana farke kina kallonsa, ajiye abin wasa inda sai ya miƙa hannu, barinsa ya yi ta wutsil-wutsil a ƙasa maimakon wuni a baya.

Idan kin riga kin sha kafin ki san kina da ciki, kada ki tayar da hankalinki. Abin yana faruwa da mata da yawa, kuma mafi yawan jariransu suna fitowa lafiya. Ki daina yanzu; tunda ginin ƙwaƙwalwa bai ƙare ba, duk ranar da aka daina akwai abin da aka ceto. Amma idan kina sha kullum har jikinki ya saba, kina tashi da rawar hannu ko gumi idan ba ki samu ba, kada ki yanke lokaci guda ke kaɗai a gida. Yankewar gaggawa tana iya jawo jijjiga mai haɗari gare ki da abin da ke cikinki. Ki je asibiti a janye ki a hankali.

Kai kuma maigida, wannan ba aikinta ita kaɗai ba ne. Da wuya mace ta bar abin da ake buɗewa a gabanta kowane dare, ko ta ƙi ƙwaryar da uwar mijinta ta miƙo mata a tsakiyar taro. Kai ne za ka iya cewa, Mama, likita ya hana ta, a ba ta kunu, kuma magana ta mutu a nan ba tare da an ce ta raina kowa ba. Idan kana sha, ka fitar da shi daga gidan na waɗannan watanni. Idan kuna neman haihuwa, ku fara tun kafin cikin ya samu, tunda makonnin farko sukan wuce ba a sani ba.

Bayan an sauka, za a zo miki da wata sabuwa: wai giya ko bammi suna kawo ruwan nono. A 1991 masu bincike a birnin Philadelphia suka auna abin, suka samu jarirai suna shan nono ƙasa da yadda suka saba da kusan kashi 20 cikin 100 a sa'o'in da suka biyo bayan shan uwa, alhali ita tana jin kamar nonon ya cika. Barasa tana rage sinadarin da ke sakin ruwan nono, tana kuma shiga cikinsa daidai da yadda take a jini. Tatsewa a zubar ba ya fitar da ita. Sai ta fita daga jini take fita daga nono, kimanin awa biyu ga kowane ƙaramin sha. Wani bincike na 1989 a kan jarirai 400 ya samu ɗan raguwar makin motsi a shekara ɗaya ga waɗanda iyayensu ke sha kullum suna shayarwa, ko da yake wani da aka yi daga baya bai ga haka ba. Abin da ke kawo nono shi ne yawan sa jariri a kai, da ci da sha mai kyau, da hutu.

Ke da kika aiko da tambaya, ranar awonki na gaba ki tattara duk kwalbar da kike sha daga cikinta, ta kemis da ta gargajiya da wadda aka kawo miki tsaraba, ki zuba a jaka ki ajiye su gaban ungozoma ta karanta abin da ke jikinsu. Wadda ba ta da rubutu a jiki, ki bar ta a can. Ki kuma nemi a sake auna jininki bayan wata ɗaya da fara shan ƙwayoyin, ki kawo takardar gida ki nuna wa yayar mijinki.